Ranar Da Aka Ɗaure Wa Akawu Ido

A wani ofis da ke shiyya ta 4 a Wuse, cikin birnin Abuja, akwai wani babban akawu mutumin Funtuwa, wanda ya yi shekara biyu ba ya barin makullin durowarsa a hannun kowa. Dalili kuwa, wata rana kuɗin man motar ofis suka ɓace daga teburinsa, ya ɗora zargi a kan masinja, wani saurayi ɗan ƙabilar Gbagyi daga Karu, har ya kira shi ɓarawo a gaban jama'a. Bayan kwana uku kuɗin suka fito cikin wani fayil inda shi akawun ya cusa su da hannunsa, amma girman kai ya hana shi faɗa wa kowa. Tun daga ran nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su, ita ma ta fatar baki.

Da rashin jituwa ya yi yawa a ofishin, sai shugaba ya gayyato masu horar da ma'aikata, aka keɓe wata Asabar, aka fita da kowa wani lambu domin wasannin ƙulla yarda. Irin wannan horo ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1951 aka fara shi a Man O' War Bay, gaɓar teku kusa da garin Victoria na Kamaru, wanda yau ake kira Limbe, inda ake haɗa samari na ƙabilu dabam-dabam su hau dutse, su tuƙa kwalekwale tare. Cibiyar da ta gaji wannan aiki tana da sansani a duwatsun Shere kusa da Jos. Haka kuma shirin yi wa ƙasa hidima, wanda Janar Yakubu Gowon ya kafa a 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, yana da irin wannan atisaye cikin makonni ukun da ake yi a sansani kamar na Kubwa, domin ɗan Sakkwato ya miƙa wa ɗan Inugu hannu su haura katanga. Hikimar abin ita ce a sa mutum cikin halin da ba ya fita sai da taimakon ɗan'uwansa.

To, a lambun nan aka jera kujeru da kwalabe, aka ce a ɗaure wa mutum ɗaya ido da ƙyalle, abokinsa ya yi masa jagora da baki kawai. Aka yi ƙuri'a, sai ga akawu ya faɗa hannun masinja. Gabansa ya faɗi, gama ya lura akwai lambatu a gefen filin, kuma ya san in yaron nan yana neman ramuwa, yau Allah ya ba shi.

"Ranka ya daɗe, taku uku gaba, sannan ka yi dama," in ji masinja. Akawu ya riƙa jan ƙafa kamar mai tafiya kan ƙaya. Can sai ya ji an ɗaga murya, "Baba, tsaya nan! Rami ne gabanka." Ya tsaya cik. A haka yaron ya bi da shi har ƙarshen fili, ko kwalba ɗaya bai ture ba. Aka kwance ƙyalle, jama'a suka yi tafi, shi kuwa akawu kunya ta rufe shi.

A hanyarsa ta komawa gida ya biyo ta bakin kasuwar Wuse, ya tuna yadda 'yan kasuwa ke zuba adashe, mai kwasar ƙarshe ya yi wata da watanni kuɗinsa na hannun wasu, ba takarda ba sa hannu. Ya tuna gayya a gonakin audugar Funtuwa, inda wanda aka yi wa noma yau shi zai fita da fartanya gobe. Nan ya gane cewa wasan lambu ƙofa kawai ya buɗe masa, shiga kuwa sai da ƙafarsa.

Ran Litinin da safe ya tara ma'aikata a wurin da ya yi zagin, ya ce, "Kuɗin nan ni na ajiye su na manta. Na zalunce ka, ka yafe mini." Masinja ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Baba, ya wuce." Kafin azahar akawu ya miƙa masa makulli, ya kuma aike shi banki da kuɗi.

Sai dai fa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Har yau masinja ba ya ajiye canji a tebur ya juya baya, sai akawu ya ƙirga a gabansa, ya sa hannu. Akawu kuwa ba ya musu, gama ya san yanzu shi ne ake gwadawa. Kullum yakan ƙirga, ya sa hannu, ya ce, "Na gode, ɗana."