Kwana Tara a Tsibiran Sikotland

Daga gaɓar yammacin Sikotland akwai jerin tsibirai da ake kira Hebridis na Waje, sun miƙe daga kudu zuwa arewa kamar carbi. Mutanensu duka ba su kai dubu 30 ba. A can na yi kwana tara lokacin bazararsu, ni da wani malami ɗan ƙasar, da 'yar motarsa da tanti da risho.

Daga garin Oban muka shiga jirgin ruwa, mota da mutane duka, muka yi kusan awa biyar kafin mu sauka a tsibirin Bara. A nan jirgin sama kan rairayin bakin teku yake sauka, sai ruwa ya janye tukuna. Daga Bara fiton minti 40 ya kai mu Eriske. Daga nan kuwa mota ce har Bernare, domin an cike teku da duwatsu an shimfiɗa hanya tsakanin tsibiran. Ta Eriske a 2001 aka buɗe ta. Yawancin hanyoyin mota ɗaya suke ɗauka. In kun haɗu da wani, sai ɗayanku ya raɓe a ɗan wurin da aka tanada, mai wucewa ya ɗaga hannu. Ban ga wanda ya wuce bai gaisa ba.

Wata doka ta 2003 ta ba matafiyi damar kafa tanti a fili, muddin bai yi ɓarna ba. To, amma doka ba ta hana iska busawa ba. Dare biyu muka yi muna danne igiyoyi da duwatsu. Ranar da iskar ta kwanta kuma, sai wasu mitsi-mitsin ƙwari masu cizo suka karɓi aiki. Duk da haka, ƙarfe goma na dare ina zaune ƙofar tanti ina karatu ba fitila.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kufai. Ko'ina sai ka ga katangun dutse ba rufi, tumaki na kiwo a ciki. A 1851 mai mallakar Bara da Yuwist ta Kudu ya tasa ɗaruruwan talakawa zuwa Kanada. Yau ba mai korar kowa, amma yaro na gama sakandare sai ya hau jirgi ya nufi Gilasgo, sau da yawa kuma shi ke nan. Harshensu, Galik, yana bin sahunsu. A ƙidayar 2011 masu jin sa sun ɗan haura rabin mutanen tsibiran. A ta 2022 ba su kai rabi ba, ko da yake ana koyarwa da shi a makarantu.

A cikin jirgin da ya fitar da mu daga Sitonowe na tuna da ɗalibaina. Akwai waɗanda kakanninsu ke magana da wasu harsunan Bauci da Filato, su kuwa Hausa kaɗai suka tashi da ita. Abin da Turanci ke yi wa Galik, shi Hausarmu ke yi wa waɗannan. Ya kamata mu malamai mu riƙa tambayar yaro abin da ake kiran ruwa da wuta a gidansu, tun akwai mai ba shi amsa.