Darasin Canjaras Daga Allon Ces



Mu a Mutum Biyu da darar gargajiya muka tashi, ta ramuka a ƙasa da tsinke da tsakuwa. Yanzu yaranmu sun rungumi darar Turawa da ake kira ces, galibi a waya. In gardama ta kaure, sai a ce a tambayi na'ura, maganarta ta zama yankan wuƙa.

Gaskiya na'urar ta iya. Tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, kuma Stockfish da ke wayoyinmu ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma akwai inda take tuntuɓe.

Aikinta shi ne hango motsi da yawa gaba, ta auna ƙarfin kowane ɓangare, ta ba da maki. Idan ƙananan sojoji suka sarƙe juna, babu ƙofar kutsawa, tana iya cewa wane yana gaba da maki 3 don ya fi yawan mayaƙa. Alhali dattijon da ya ƙware kallo ɗaya zai yi ya ce canjaras ne. Alamar ita ce makin ya tsaya cak duk zurfin lissafinta.

Masu ƙera ta sun nemi magani. Sun koya mata dokar maimaita matsayi sau 3, da dokar motsi 50 ba a ci kowa ba, ba a tura soja ba. Yayin da ƙirgen ke hawa, sai makin ya riƙa zaizayewa. Sun kuma haɗa rumbun amsoshi na duk matsayin da bai wuce 'ya'ya 7 a allo ba. Nan ta san cewa sarki da dawaki biyu ba sa iya tilasta wa sarki tilo mutuwa.

Mu a ofishin ƙungiya mun sha ganin irin wannan allo. 'Yan uwa biyu suna shari'ar iyakar gona shekara da shekaru, kowa yana ƙirga shaidunsa da takardunsa yana ganin shi ke gaba, kuɗin mota zuwa Jalingo yana cin jarinsu, damina tana wucewa gonar ba shuka. Yawan mayaƙa bai buɗe ƙofa ba.

Muna roƙon duk mai irin wannan rigima ya kawo ta gaban dattawanmu a zaman ƙungiya mai zuwa, a yi sulhu kafin ruwa ya sauka.

Allah ya haɗa kanmu, amin.

Sakataren ƙungiya