Kwanon Baffa

Bara, bayan mun kwashe shinkafar rani, muka haɗa kuɗi muka kai Baffa asibiti a Kano domin a yi masa aikin ƙaba. Shekara uku yana fama da ita, yana ɗaukar buhu yana dafe mara. Kafin a shiga da shi tiyata aka ɗebi jininsa, kamar yadda ake yi wa kowa. Can sai likita ya ja mu gefe, ya ce an samu ƙwayar cutar hanta nau'in B.

Mu mutanen Kura da Bunkure, duk ciwon da ya same mu ruwan kanal muke ɗora wa laifi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 ruwan nan ke ciyar da mu, shi ne kuma ke ba yaranmu tsargiya, yana tara mana sauro. Muka ce ai ruwan ne. Likita ya ce a'a, wannan ta jini take bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa. Ya shiga tambaya: wa ke yi masa aski? An taɓa yi masa ƙaho? Allurar kemis fa? Mai yankan farce a kasuwa? Duk amsar "e" ce, kuma ba ga Baffa kaɗai ba. Askar wanzami ɗaya ce ta cire mana belu, ita ta yi mana kaciya.

Aiki ya yi kyau. Abin da muka yi bayan an sallamo shi ne har yau muke jin kunyarsa. Muka ware masa kwano da moɗa. Mutumin da ya raine mu da guminsa ya koma cin tuwo shi kaɗai a zaure, bai ce mana uffan ba.

Ranar cire zare, ma'aikaciyar jinya ta ji labari ta yi mana faɗa. Ta ce cutar ba ta bin kwano, ba ta bin musabaha. In da gaske tsoro muke ji, mu miƙo hannu a gwada mu. Mu tara muka miƙa, aka samu biyu, har da wanda ya fi kowa nacewa a ware kwanon. Babu wanda ya taɓa yin shawara a cikinsu, don cutar tana iya shekaru tana cin hanta shiru. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita. Rigakafinta kuwa sai a 2004 ya shiga jerin allurar jarirai, lokacin mu duk mun girma.

Mu bakwai muka karɓi allura uku-uku, Baffa da sauran biyun suna ganin likita. Da aka yi haihuwa a gidan, cikin awa 24 aka yi wa jaririyar tata. Wanzaminmu yanzu sabuwar reza yake ɓarewa a gabanmu.

Daren da muka dawo da Baffa cikin kwano, ya wanke hannu, ya dube mu, ya ce, "Bismillah, kada miya ta huce."