Lissafin Toka

Gobarar da ta tashi a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna a dare ɗaya. An yi jaje, masu hannu da shuni sun ba da gudummawa, 'yan jarida kuma suka koma ga wani labarin. Abin da bai shiga jarida ba shi ne wahalar da ta biyo baya, wato ta neman diyya daga kamfanonin inshora.

Akasarin 'yan kasuwarmu ba su da inshora, domin wasu na ɗaukar ta a matsayin caca, wasu kuma na gudun riba. 'Yan ƙalilan da suke da ita, galibi banki ne ya gindaya musu sharaɗin yin ta lokacin da suka karɓi bashi. Irin waɗannan ne suka riƙa kawo mana takardunsu da muka je gida hutu, tunda a ganinsu duk wanda ake kira Dakta ba abin da zai gagare shi karantawa. Mu da muka yi shekaru muna feɗe waƙa da zube, sai ga mu zaune kan tabarma muna fama da Turancin lauyoyi, jimla guda ta cika rabin shafi ba tare da aya ba.

Abu na farko da jami'in ƙiyasta hasara yake tambaya shi ne shaida: rasit, littafin ciniki, lissafin hajar da ke shago daren gobarar. To, ai rasit ɗin yana cikin akwatin da ya ƙone, littafin kuwa a ƙwaƙwalwar mai shago yake. Wani kawunmu mai sayar da yadi ya dube mu ya ce, "Malam, shekara talatin ina karɓar kaya da baki, ina biya da baki, yau kuma a ce in kawo shaidar toka?" Muka ce, "Kawu, a je wurin dillalan da ke ba ka kaya, ko su sun rubuta." Da rasit ɗinsu aka haɗa abin da ya samu.

Sai kuma wani sharaɗi da ba mu taɓa jin wakilin kamfani ya bayyana wa kowa shi da Hausa ba. Alal misali, mutum yana da kaya na naira miliyan 10, amma don ya rage kuɗin da yake biya duk shekara sai ya rubuta miliyan 4. Idan wuta ta ci masa na miliyan 5, miliyan 2 kacal za a ba shi, domin a lissafinsu shi ya ɗaukar wa kansa sauran nauyin. Lissafin daidai ne, ba mu musa ba. Inda muke ganin rashin adalci shi ne yadda ake yin shiru a kansa ranar karɓar kuɗi, a tuna da shi ranar biya.

Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an fitar da takardar sallama. Amma kwanakin ba sa fara ƙirguwa sai takardar ta fito, kuma a nan jinkirin yake kwanciya: yau a ce rahoton 'yan kwana-kwana, gobe a ce na 'yan sanda. Akwai hukumar NAICOM da ke karɓar koke, sai dai mutumin da ba ya da na cefane ba shi da ƙarfin bin takarda har Abuja.

Kawu dai an biya shi bayan watanni. Kuɗin bai kwana a hannunsa ba, domin sunan banki ne a kan takardar, sai da ya cire bashinsa tukuna. Abin da ya rage bai kai kuɗin ƙyauren shago ba. Maƙwabcinsa na layi, wanda wutar ba ta kai gare shi ba, shi ya ba shi bandir ashirin na yadi, ya ce in ya sayar ya kawo.