Chrysler: Yadda Ya Sha Da Ƙyar Da Abin Da Ke Gabansa

A wannan wata mun ga ya dace mu leƙa ƙasar Amurka, mu duba labarin wani kamfanin ƙera motoci mai suna Chrysler, wanda har sau biyu yana kaiwa bakin kabari ana janyo shi. Wataƙila wani ya ce ina ruwanmu da shi, mu da galibinmu ba mu taɓa shiga motarsa ba. To, tun shekarar 2021 gida ɗaya yake da Peugeot, wato Fijo ɗin nan da muka tashi muna gani a tashoshinmu tana jigilar mutane da kaya. Ban da haka, mu malaman makaranta da albashinmu kan riga wata ƙarewa, labarin wanda bashi ya kai wa iya wuya ba baƙonmu ba ne.

Wani mutum mai suna Walter Chrysler ne ya kafa kamfanin a 1925 a yankin Detroit, ya kuwa girma har ya zama na uku a ƙasar, bayan General Motors da Ford. Ya saba ƙera manyan motoci masu shan mai kamar raƙumi, domin a lokacin mai yana da araha. Sai ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka bakin famfo a 1973, juyin juya halin Iran na 1979 ya ƙara tsadar, masu saye suka koma kan ƙananan motocin Japan irin su Toyota da Honda. A 1979 kaɗai Chrysler ya yi asarar dala biliyan 1.1.

Wanda aka damƙa wa wannan jinya shi ne Lee Iacocca, mutumin da kamfanin Ford ya sallama a 1978. Ya je gaban majalisar dokoki ya roƙi gwamnati ta tsaya wa kamfanin domin bankuna su ba shi rance, a watan Janairu 1980 kuma shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan lamunin dala biliyan 1.5. Amma an gindaya sharaɗi, kowa sai ya ɗanɗana. Ma'aikata suka haƙura da wani ɓangare na haƙƙinsu, bankuna suka sassauta, aka rufe wasu masana'antu, aka sayar da sashen ƙera tankokin yaƙi a 1982. Shi kansa Iacocca ya mai da albashinsa dala 1 a shekara. Mun san ba yunwa zai kwana da ita ba, amma duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin hedimasta ya san bambancin shugaban da ke cewa "ku yi haƙuri" da wanda ke fara yin haƙurin.

Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, rancen nan lokaci kawai ya saya musu. Abin da ya warkar da kamfanin mota ce. Sun fito da ƙananan motoci masu sauƙin kuɗi da sauƙin shan mai, Dodge Aries da Plymouth Reliant, sannan a ƙarshen 1983 suka kawo ƙaramar bas ta iyali, wadda magidanci zai zuba mata da yara da kayan cefane a tafi. Jama'a suka yi rububinta. A 1983 ɗin suka biya dala biliyan 1.2 da suka ranta, shekara 7 kafin wa'adi, a 1987 kuma suka sayi kamfanin da ke da Jeep.

Daga nan dabarar ta sauya, ta koma neman inuwar babban gida. A 1998 aka haɗe da Daimler-Benz na Jamus, masu Marsandi, aka ce auren tsara da tsara ne, amma zaman bai yi daɗi ba. A 2007 Jamusawa suka sayar da mafi yawan kasonsu ga wasu masu zuba jari da ake kira Cerberus. Da tattalin arzikin duniya ya rikice a 2008, sai Chrysler ya kai kansa kotu a ranar 30 ga Afrilu 2009 ya ce ya karye. Gwamnatocin Amurka da Kanada suka zuba kuɗi, aka raba gari da dillalai 789, asusun jinyar tsofaffin ma'aikata ya karɓi kashi 55 cikin ɗari na sabon kamfanin a madadin kuɗin da yake bi, Fiat na Italiya kuma ya karɓi tuƙi a ƙarƙashin Sergio Marchionne. An biya rancen gwamnati a 2011, Fiat ya mallaki kamfanin gaba ɗaya a 2014, sannan a 2021 aka haɗe da gidan Peugeot aka raɗa wa sabon gidan suna Stellantis. Abin mamaki, Peugeot ɗin nan shi ne ya sayi reshen Chrysler na Turai tun a 1978.

To, yaya gobe za ta kasance? A ganinmu akwai abin dubawa guda uku. Na farko, sunan Chrysler kansa ya rame ƙwarai. An daina ƙera motarsa mai lamba 300 a ƙarshen 2023, har ya cika shekara 100 a 2025 ba shi da abin sayarwa sai bas ɗin iyali, Jeep da Ram ne ke ciyar da gidan a Amurka. Na biyu, an tsawwala farashi har motoci suka yi kwantai a wajen dillalai, ribar Stellantis ta faɗi da kashi 70 cikin ɗari a 2024, shugabansa Carlos Tavares ya ajiye aiki a watan Disamba na shekarar, aka naɗa Antonio Filosa a 2025. Na uku, kasuwar tana sauya fata. Kamfanonin Sin irin su BYD sun yi nisa wajen ƙera motoci masu aiki da lantarki a farashi mai rahusa, ga harajin da gwamnatin Donald Trump ta ɗora a 2025 kan motocin da ake shigowa da su, alhali ita bas ɗin Chrysler a garin Windsor na Kanada ake haɗa ta. A watan Oktoba 2025 Stellantis ya yi alkawarin zuba dala biliyan 13 a masana'antunsa na Amurka.

Kuɗi ne masu yawa, amma mu da muka bi tarihin nan ba adadinsu za mu zuba wa ido ba. Za mu jira mu ga ko za su sake fito da motar da ƙaramin ma'aikaci zai iya saye ya kuma iya zuba mata mai, kamar yadda suka yi a zamanin Iacocca. Mun ga yadda Fijo 504 ta samu gindin zama a ƙasashenmu domin tana jure hanya kuma kowane bakanike ya san cikinta, mun kuma ga yadda motocin Japan suka karɓe tasha sannu a hankali. Mai saye ba ya kunyar tsohon suna. In suka tuna da shi, Chrysler yana da sauran kwana a gaba. In kuwa suka manta, gidan zai ci gaba da Jeep da Ram, sunan kuma ya bi sahun ɗan'uwansa Plymouth da aka binne a 2001.

Allah ya ba ma'aikatan da abincinsu ke wurin mafita. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.