Pisin ɗin Yaya da ƙurar hunturu

Shekara uku ke nan da yayana ya gina pisin, wato kwamin iyo, a bayan gidansa a Yamai. Tsawonsa mita 6, faɗi mita 3, zurfi mita 1 da rabi, yana cin ruwa lita 27,000. A watan Afrilu, in zafi ya haura digiri 40, yaransa da nawa can suke wuni.

Ranar da zai sayi matacin ruwa ya kira ni, tun da kimiyya nake koyarwa a koleji. Na ce: "Yaya, ka ba ni kwana biyu in bincika." Bai jira ba. Mai kanti ya nuna masa iri uku, ya ɗauki wanda aka ce masa shi ne na zamani.

Na farko tulu ne cike da yashi na musamman. Yana tare dattin da ya kai mikron 20 zuwa 40. Mikron shi ne milimita ɗaya a kasa ta gida dubu, silin gashin kai kuwa wajen mikron 70 ne. In yashin ya toshe, sai a juya ruwa ta baya ya wanke shi, ruwan wankin ya zube waje. Na biyu ƙyalle ne mai ninki-ninki a naɗe cikin gwangwani. Ya fi yashi tacewa kuma ba ya zubar da ruwa da yawa, amma sai an ciro shi an wanke da hannu, in ya gaji a sayi sabo. Na uku yana aiki da wani farin gari na ɓawon ƙananan halittun ruwa, ya fi duka tacewa, ya kuma fi duka wahalar kulawa. Na kan faɗa wa ɗalibaina cewa ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi, wadda iskar hunturu ke kwasowa, galibinta irin wannan ɓawo ne da tsohon tafki ya bari.

Yaya na biyun ya saya. Da hunturu ya kama, ƙyallen ya riƙa toshewa kusan kowane mako. Ya yage, aka nemi irinsa a gari aka rasa. Da yake ba mai shiga ruwa da sanyi, aka kashe injin aka ce sai bazara. Ruwa ya yi kore.

Wata Juma'a da la'asar muna shan shayi, autana mai shekara huɗu ya bi ƙwallo ya zame ciki. Ƙarar faɗawarsa kawai na ji. Na tsaya a baki ina dubawa, ban ga komai ba sai koren ruwa. Na faɗa da rigata ina lalube, Allah ya sa hannuna ya kama ƙafarsa. Ya yi amai, ya yi kuka, ya tashi lafiya. Ni na kwana ban runtsa ba.

Mun koma na yashi. Bai kai sauran tacewa ba, amma mai gadi ma ya iya wanke shi cikin ƴan mintoci, yashin kuma yana ɗaukar shekaru kafin a sauya. Mun zaɓi girmansa daidai da injin, yadda duk ruwan zai bi ta ciki a cikin awa shida, wato lita 4,500 a awa. Mataci ba ya kashe ƙwayoyin cuta, wannan aikin kulorin ne, don haka ana zuba shi har da sanyi.

Iyaye da malamai, kafin ku sayi mataci ku tambayi wa zai wanke shi, kuma ina za a samu kayansa in ya lalace. In za ku kai yara iyo, ku tsaya a baki tukuna: in ba ku ga ƙasan kwamin ba, kada ko ɗaya ya shiga. Yaya ya kewaye nasa da shingen ƙarfe, makullin yana aljihunsa.