Zamanin da Kirista Ke Sanin Littafi Mai Tsarki da Kunne

Sama da shekaru ɗari biyar da suka wuce, talakan Turai da kunne ya san Littafi Mai Tsarki. Littafin da harshen Latin yake, fassarar da wani malami mai suna Jerome ya fara tun ƙarshen ƙarni na 4. Kafin Gutenberg ya buga shi da na'ura wajen 1455, da hannu ake kwafarsa, don haka sai majami'u da masu hannu da shuni ke mallakarsa. Manomi ya je coci, limami ya karanta ya yi wa'azi, a ce amin a watse. Nassi, da hukuncin Fafaroma, da koyarwar da aka gada kaka da kakanni, duk a ƙwarya ɗaya ake miƙa masa su, bai san inda wannan ya ƙare wancan ya soma ba.

A 1517 Martin Luther, malamin addini a garin Wittenberg na Jamus, ya fitar da batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun yafe horon zunubi. Da aka gurfanar da shi gaban Sarki Charles na Biyar a Worms a 1521, ya ƙi janye maganarsa sai an kawo masa hujja daga nassi ko daga hankali. Shekara na zagayowa ya fitar da Sabon Alkawari da Jamusanci, littafin ya shiga gidajen talakawa.

Ikkilisiyar Katolika ta mayar da martani a taron Trent, inda a 1546 ta tabbatar cewa nassi da koyarwar da aka gada daga manzanni duka abin girmamawa ne, kuma ikon fassara ma'ana na Ikkilisiya ne. Hujjarta ita ce, ai Ikkilisiya ce ta tantance littattafan da ke cikin Littafi Mai Tsarki tun farko.

Su ma masu kiran a koma ga nassi kaɗai ba su daɗe baki ɗaya ba. A 1529 biyu daga cikinsu, Luther da Zwingli, suka zauna a Marburg kan ma'anar Jibin Ubangiji, ayoyi iri ɗaya a gabansu, suka tashi baram-baram. A 1530 kuma mabiyan Luther suka gabatar da rubutacciyar aƙidarsu a Augsburg, wadda ita ma ta zama gadon da 'ya'ya da jikoki ke karanta nassi da shi.

A babban taron Vatican na biyu kuwa, a 1965, Ikkilisiyar Katolika ta ƙarfafa cewa a buɗe wa kowane mai bi ƙofar karanta littafin, ta kuma yarda a yi fassara tare da sauran ɗariku.